Makwakkwafi a Jikin Kan Sarki: Me Ya Sa Ake Kare Tsuntsun da Ke Huda Itace?

"Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ya rasu ya bar mini littafin da yake tara kawunan sarki na ƙasashe daban-daban. Da nake dubawa sai na ga fiye da ashirin suna ɗauke da hoton makwakkwafi, wasu ma an rubuta a jikinsu cewa tsuntsu ne da doka ta ba shi kariya. Ni kuwa iyakar sanina, tsuntsu ne mai huda itace yana ɓata shi. Me zai sa ƙasa ta kare shi har ta buga hotonsa? Kuma shin buga hoton yana tsinana masa wani abu, ko ado ne kawai?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Tambayarka ta haɗa abubuwa biyu da na daɗe a cikinsu, wato aikin gandun daji, wanda shi ne sana'ata, da kuma tara kawunan sarki masu hoton tsuntsaye, wanda na ɗauka tun ina saurayi ban kuma ajiye ba. Idan na fahimce ka, kana son sanin amfanin makwakkwafi ga daji har da ya cancanci doka ta tsaya masa, sannan kana son sanin ko ɗan ƙaramin hoton da ake mannawa a ambulan yana da wani tasiri a kan rayuwar tsuntsun. Kafin mu shiga, ga shawara ɗaya da za ta sauƙaƙa maka fahimtar duk abin da zai biyo baya: idan ka sake buɗe littafin, ka ɗan kau da ido daga tsuntsun, ka dubi itacen da ya maƙale a jikinsa. Yawancin labarin yana jikin itacen nan.

Yadda tsuntsaye suka hau kan sarki

Kan sarki na farko a duniya shi ne wanda Ingila ta fitar a watan Mayu na 1840, wanda ake kira Penny Black, ɗauke da hoton kan Sarauniya Biktoriya. Irin waɗannan hotuna na kawunan masu mulki su suka bar mana sunan da muke kiran abin da shi har yau, ko da kuwa kifi ne ko jirgin ƙasa aka zana a jikinsa. Tsuntsaye ba su daɗe ba suka shigo, domin birnin Basel na Suwizalan ya buga kurciya a 1845, Yammacin Ostireliya kuma ta buga baƙin tsuntsun ruwanta a 1854. Sai dai a wancan zamani tsuntsu alama ce kawai ta gari ko ta yanki. Buga hoton dabba domin a ce wa jama'a tana cikin haɗari ya yawaita ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, lokacin da ƙasashe suka ƙara kafa dokokin kare namun daji. A 1979 ƙasashen da suka zama Tarayyar Turai suka zartar da dokar kare tsuntsayen daji, wadda ta sa nau'o'in makwakkwafai da dama cikin jerin waɗanda dole a keɓe musu wuraren zama. A 1983 kuma ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, ta fara haɗa kai da gidajen waya na ƙasashe ana fitar da kawunan sarki masu ɗauke da tambarinta na dabbar fanda.

Makwakkwafi ya samu kasuwa wajen masu zane saboda wani dalili mai sauƙi. Tsuntsu ne mai baƙi da fari da ja, launukan da suke fita tas a takarda ƙarama, kuma a tsaye yake zama a jikin kututture, tsayuwar da ta dace da siffar kan sarki. Mai zanen nan na Beljiyam, André Buzin, wanda ya fara jerin tsuntsayensa a 1985, ya zana makwakkwafai fiye da ɗaya a cikinsu. Amurka ta buga mai jan kai a kan sarki na santi 2 a 1996, kuma tun a 1982 ta riga ta buga wani nau'in a matsayin tsuntsun jihar Alabama. Ka lura cewa ba kowane makwakkwafi da ka gani a littafin ne yake fuskantar ƙarewa ba. A Turai doka ta kare kusan dukkan tsuntsayen daji, har da waɗanda suke da yawa, saboda haka kalmar kariya a jikin kan sarki ba lallai ne tana nufin tsuntsun ya kusa ɓacewa ba.

Shin ɓarna yake yi?

A duniya akwai nau'o'in makwakkwafai kusan 240, kuma ana samunsu a ko'ina da ke da itatuwa in ban da Ostireliya, Niyu Zilan, Niyu Gini, Madagaska da yankunan ƙanƙara na ƙarshen duniya. Ƙirar jikinsu duk ta aikin itace ce: a yawancinsu yatsu biyu gaba biyu baya domin riƙe ɓawo, gashin wutsiya mai tauri da suke dogarawa da shi kamar ƙafa ta uku, da dogon harshe wanda tushensa yake zagaye ƙoƙon kai. An daɗe ana cewa ƙoƙon kansu yana da wani abu mai rage ƙarfin bugu, amma binciken da Sam Van Wassenbergh da abokan aikinsa suka wallafa a 2022 ya nuna cewa kan yana aiki ne kamar guduma mai tauri, kuma ƙanƙantar ƙwaƙwalwar ce take hana ta jin rauni.

Huda itace da kake gani iri uku ne, kuma ya kamata a rarrabe su. Akwai kiɗa, wato saurin bugun da ake ji daga nesa, wanda yakan kai sau ashirin a daƙiƙa ɗaya. Wannan sanarwa ce ga kishiya da kuma kiran mace, kuma ba ya barin rami. Akwai neman abinci, inda tsuntsun yake ɓare ɓawo ko ya fasa katako domin ya zaro tsutsar ƙwari ko tururuwa. Na ukun shi ne sassaƙa kogon da zai yi ƙwai a ciki. A na biyu da na uku, mafi yawan nau'o'in suna zaɓen itacen da ya riga ya mutu, ko wanda ruɓa ta riga ta ci cikinsa, domin lafiyayyen katako yana da wuyar sara kuma babu tsutsa a cikinsa. A shekarun da na yi ina ƙidayar itatuwa, sau da yawa nakan ga itace da ganyensa shar, amma da ramin makwakkwafi a samansa, kuma idan aka sare shi sai a tarar cikinsa ya riga ya yi laushi kamar soso. Tsuntsun ya riga mu sanin ciwon, mu kuma sai muka ɗora masa laifinsa.

Ba zan wanke shi tas ba. Makwakkwafai sukan huda turakun lantarki na katako da bangon gidajen katako, wasu nau'o'in Arewacin Amurka kuma suna jera ƙananan ramuka a jikin itace mai rai domin su sha ruwansa, abin da yakan rage darajar katakon. An kuma tabbatar da cewa suna ɗaukar ƙwayoyin funfuna a bakinsu daga wannan itace zuwa wancan, suna gaggauta ruɓewa. Ga mai sayar da katako wannan asara ce. Ga daji kuwa ruɓewa hanya ce da itace yake komawa ƙasa ya zama taki.

Magini da masu gadon gida

Babban dalilin da ya sa masana suke ba makwakkwafi muhimmanci shi ne kogon da yake sassaƙawa. Yawancin nau'o'in sabon kogo suke yi kowace shekara, su bar tsohon, kuma akwai halittu da yawa da ba sa iya haihuwa sai a kogon itace alhali ba su da bakin da za su sassaƙa shi. Ɗauki baƙin makwakkwafin Turai da Asiya, wanda za ka ga an rubuta Dryocopus martius a ƙarƙashin hotonsa. Girmansa ya kusa na hankaka, kuma kogonsa yana da faɗin da zai ɗauki manyan baƙi. Idan ya tashi, wata irin kurciyar daji takan shiga, ko wata ƙaramar mujiya ta dazuzzukan arewa, ko agwagwar ruwa mai ƙwai a itace, ko jemagu, ko ƙudan zuma. Kogo ɗaya yakan yi shekaru yana sauya masu zama. A hamadar Sonora da ke tsakanin Amurka da Meziko ma, inda manyan itatuwa suka yi ƙaranci, makwakkwafi yana huda dogon tsiron nan mai ƙaya da ake kira sagwaro, mujiya mafi ƙanƙanta a duniya kuma ta gaji ramin.

A nan akwai gyara da nake so ka riƙe, domin littattafan yara da takardun da ke rakiyar kawunan sarki sukan wuce gona da iri. A 2011 Kristina Cockle da Kathy Martin da Tomasz Wesołowski sun haɗa sakamakon bincike daga nahiyoyi da dama, suka gano cewa a Arewacin Amurka kashi 77 cikin ɗari na kogunan da sauran tsuntsaye suke ƙwai a ciki tsuntsaye masu sassaƙa ne suka yi su, amma a Turai da Asiya da Kudancin Amurka kashi 26 ne kacal, a yankin Ostireliya kuwa babu ko ɗaya. Sauran duk ruɓa ce take samar da su a hankali, inda reshe ya karye ruwa ya shiga. Ma'anar wannan ita ce, a tsohon kurmin da ba a taɓa ba, koguna suna da yawa ko babu makwakkwafi. A dajin da ake sare itatuwa tun ba su tsufa ba ne aikinsa yake zama abin dogaro, domin a can shi kaɗai ne yake iya samar da kogo cikin makonni, abin da ruɓa za ta ɗauki shekaru da yawa kafin ta yi.

Batun cin ƙwari ma haka yake, gaskiya ne amma da iyaka. Makwakkwafi mai yatsu uku na dazuzzukan arewa kusan abincinsa duk tsutsar ƙwaron ɓawo ce, irin wanda yake kashe itatuwan katako a Turai. Idan ƙwarin ba su yi yawa ba, tsuntsayen suna danne su, suna jinkirta ɓarkewarsu. Idan kuwa guguwa ta zubar da itatuwa ko fari ya raunana su har annoba ta ɓarke, ƙwarin suna hayayyafa fiye da yadda tsuntsu zai iya ci. An ga haka a Amurka bayan da aka gano wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya kusa da birnin Ditroit a 2002: makwakkwafai sun koyi cin tsutsarsa sosai, amma hakan bai hana miliyoyin itatuwa mutuwa ba. Shi ya sa nake jin nauyin kiransa likitan daji kamar yadda wasu suke yi. Ni a wurina ya fi kama da ma'auni. Idan na shiga daji na ji kiɗan nau'o'i huɗu ko biyar da sassafe, na san akwai tsofaffin itatuwa da matattu a tsaye da a kwance, kuma bincike a Turai da Kanada ya nuna cewa inda nau'o'in makwakkwafai suka yi yawa, nau'o'in sauran tsuntsayen daji ma sukan yi yawa.

Abin da ya kai wasu bakin ƙarewa

Idan a littafin mahaifinka akwai kan sarkin Kyuba mai hoton babban makwakkwafi mai farin baki da jan tukku, to kana riƙe da hoton tsuntsun da wataƙila babu sauransa a doron ƙasa. Sunansa na kimiyya Campephilus principalis. A Amurka, ganin ƙarshe da kowa ya yarda da shi an yi shi ne a watan Afrilu na 1944, a wani kurmi da ke jihar Luwiziyana, inda wani mai zane ya tarar da mace guda ita kaɗai a lokacin da ake cikin sare dajin. A gabashin Kyuba an gan shi a 1986 da 1987, daga nan shiru. An yi iƙirarin ganinsa a jihar Akansas a 2004, an kuma yi ta jayayya a kan wani gajeren hoton bidiyo mai dishi-dishi. A 2021 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta gabatar da shawarar a ayyana shi cikin waɗanda suka ƙare, sannan a 2023 ta ɗage yanke hukunci. Ɗan'uwansa na Meziko, wanda ya fi kowane makwakkwafi girma, rabon da a tabbatar da ganinsa tun 1956 a jihar Durango. Dukansu biyu suna buƙatar daji mai faɗi cike da manyan itatuwan da ba su daɗe da mutuwa ba, kuma irin wannan daji ne masu katako suka fi kwaɗayi.

Labarin tsibirin Okinawa na Japan ya ɗan fi daɗi. Makwakkwafin wannan tsibiri ba ya rayuwa a ko'ina a duniya sai a dajin Yanbaru da ke arewacinsa. A 1966, lokacin da tsibiran Ryukyu, waɗanda Okinawa take cikinsu, suke ƙarƙashin mulkin Amurka suna buga nasu kawunan sarki, an fitar da hotonsa a na santi 3, Japan kuma ta sake buga shi a na yen 60 a 1983, cikin jerin tsuntsayen da ke cikin haɗari. Wannan tsuntsu yana yawan sauka ƙasa neman abinci, saboda haka tunkun da aka shigo da shi tsibirin a 1910 da kuliyoyin da suka koma daji suka zame masa bala'i a kan sare daji. Abin da ya ba shi numfashi shi ne shinge da tarkunan kama tunku, da mayar da Yanbaru gandun ƙasa a 2016, kafin UNESCO ta sa yankin cikin wuraren gadon duniya a 2021.

Misalin da na fi so in koyar da shi shi ne na wani ɗan ƙaramin makwakkwafi na kudu maso gabashin Amurka, wanda ya saɓa wa 'yan'uwansa domin a itacen fain mai rai, wato itace mai ganye kamar allura, yake sassaƙa kogo, galibi wanda ya haura shekara 80 kuma funfuna ta tausasa zuciyarsa. Aikin yakan ɗauke shi shekara ɗaya zuwa uku, wani lokaci fiye. Yana kuma huda ƙananan ramuka kewaye da ƙofar domin ƙaro ya riƙa tsiyaya, ya hana maciji hawa. Da aka sare dazuzzukan wannan fain har ya zamana kusan kashi 3 cikin ɗari ne suka rage, aka kuma hana wutar dajin da take share ƙananan itatuwa a ƙarƙashinsu, sai tsuntsun ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa a 1970. A 1989 guguwar Hugo ta karya kashi 87 cikin ɗari na itatuwan da yake da koguna a ciki a gandun Francis Marion, sai ma'aikata suka shiga sassaƙa masa koguna da hannu suna dasa akwatuna a cikin kututture. Da wannan dabara, da dawo da ƙona daji bisa tsari, yawansa ya ƙaru har aka sassauta matsayinsa a 2024.

To, me kan sarki yake tsinanawa?

Kai tsaye, kaɗan ne ƙwarai. Kuɗin kan sarki na yau da kullum aljihun gidan waya yake shiga, ba ya zuwa daji. Akwai keɓantattu da ake ƙara wani abu a kan farashinsu domin a ba da shi ga aikin kare dabbobi, kamar wanda Amurka ta fitar a 2011 mai hoton ɗan damisa, kuma WWF ta riƙa samun kaso daga cinikin jerin da ke ɗauke da tambarinta. Wanda ya fi kowanne tara kuɗi shi ne kan sarkin agwagwa na Amurka, da aka fara a 1934, wanda santi 98 na kowace dala yake tafiya wajen sayen fadamu da kare su. Amma shi ba na aika wasiƙa ba ne, lasisi ne da aka wajabta wa mafarauta, kuma tilascin ne sirrin nasararsa.

Tasirin da na yarda da shi na wani fanni ne. Kan sarki takarda ce ta hukuma, kuma idan ƙasa ta buga hoton tsuntsu ta rubuta cewa tana kare shi, ta yi furuci a bainar jama'a wanda za a iya tuna mata da shi. Yana kuma koyar da suna, domin mutum ba ya damuwa da ɓacewar abin da bai san sunansa ba. Ni kaina a kan sarki na fara ganin baƙin makwakkwafi, shekaru kafin in gan shi da idona. Amma furuci da aiki sukan raba hanya. Dajin Białowieża da ke kan iyakar Folan da Belarus yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a Turai yawan nau'o'in makwakkwafai, kuma abin alfahari ne ga ƙasashen biyu, duk da haka sai da kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a watan Afrilu na 2018 cewa sarar da ake yi a ɓangaren Folan da sunan yaƙi da ƙwaron ɓawo ta saɓa wa doka. Ga shi kuma yau wasiƙa ta ja baya, yawancin irin waɗannan kawunan sarki daga gidan waya kai tsaye suke shiga littattafan masu tarawa, waɗanda dama sun san tsuntsun.

A wurin aiki, abin da na ga yana kare makwakkwafi ba ya da kyan gani ko kaɗan. Gwangwanin fenti ne da ake yi wa itace alama da shi domin masu sara su tsallake shi, da ƙa'idar barin wasu matattun itatuwa a tsaye a kowace hekta, da dakatar da sara a watannin da tsuntsaye suke ƙwai. Na taɓa yi wa wani busasshen itace alama, na dawo bayan mako guda na tarar wata ƙungiyar masu sara ta kayar da shi, shugabansu kuma ya ce mini da zuciya ɗaya wai gyara wurin suka yi domin ya yi tsabta. Da muka tsaga kututturen mun ƙirga koguna shida, ɗaya da gashin mujiya a ciki. Tun daga ranar nake fara kowane aiki da zama da masu riƙe da zarto kafin in taɓa fenti.

Game da littafin da ke hannunka

Ka samu gilashin ƙara girma da hantsaki mai faɗin baki, kada ka riƙa ɗaukar su da yatsu, kuma ka ajiye littafin a tsaye a wuri marar laima. Sunan kimiyya da ke jikin kowanne shi ne mabuɗinka, domin da shi za ka duba jerin IUCN, ƙungiyar da take tantance halittun da ke cikin haɗari, ka ga matsayin tsuntsun a yau, wanda sau da yawa ya bambanta da na shekarar da aka buga hoton. Sannan ka tambayi kanka ko tsuntsun yana rayuwa a ƙasar da ta buga shi. Akwai kawunan sarki masu ƙyalli da ake bugawa da sunan ƙasashen da ba su da wannan tsuntsu, domin a sayar wa masu tarawa kawai, wasu ma na jabu ne da ƙasar ba ta san da su ba. Domin magance wannan ne Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta fara tsarin ba kowane sahihin kan sarki lamba a 2002, na kafin wannan shekara kuma sai ka nemo su a kundaye irin su Stanley Gibbons ko Michel ko Scott.

Ban saba yi wa kan sarki kuɗi ba tare da na riƙe shi na duba haƙoran gefensa da bayansa ba, kuma ƙiyasin daraja aikin dillalai ne da suka ƙware a kai. Abin da zan iya gaya maka shi ne yawancin masu hoton tsuntsaye na bayan 1960 an buga su da yawan gaske, kuɗinsu a kasuwa kaɗan ne. Idan ka tarar da wanda yake manne a ambulan da hatimin gidan waya da kwanan wata a kansa, kada ka jiƙa shi ka ɓare, ka bar shi yadda mahaifinka ya ajiye shi, domin a haka ya fi daraja wajen masu tarawa.